Telan Da Ya Kasa Yanka Takarda

A layin da shagonsa yake, in ka ce kana neman tela, za a tambaye ka, "Wanne daga ciki? Saura-Kaɗan?" Ba wanda ya laƙaba masa sunan da mugunta, bakinsa ne ya jawo masa. Ka kai masa ɗinki, ka ba shi lokaci har ka manta launin yadin, ka koma ka tarar da shi a ninke yadda ka kawo shi, mutumin nan zai dube ka ido cikin ido, allura a gefen baki, ya ce, "Ai saura kaɗan." Abin da ya hana mutane guje masa shi ne, ranar da ya ga dama ya yi aikin, sai ka rasa bakin faɗa. Riga za ta zauna maka kamar da ita aka haife ka.

Wajen yanka kuwa ba shi da tsoro ko ƙanƙani. A shimfiɗa masa leshin da mai shi ta daɗe tana mafarkinsa kafin ta mallaka, ya kalle ta sama da ƙasa, ya ja alli, ya sa almakashi ƙaras-ƙaras ya raba shi biyu, yana musun ƙwallo da mai gyaran waya na shagon kusa. Mai leshi ta runtse ido ta dafe ƙirji, shi ko a jikinsa.

To, wannan jarumin ne takarda ta gagara.

Ciwon son takarda ya same shi ne da girmansa, furfura ta riga ta fara leƙowa a gemu, yara sun tasa. Wata mata ce ta zo karɓar ɗinkinta, ta tarar saura kaɗan, ta ce yau ƙafarta ƙafarsa, a nan za ta zauna har a gama. Don kada zaman ya ishe ta, ta buɗe jaka ta fito da 'yan takardu masu launi, da gam, da wani ɗan hatimi na roba. Ta danna hatimin a kan tawada, ta danna a kan takarda, ta ɗaga, sai ga reshen fure da ganyensa, har da jijiyoyin ganyen. Katin gaisuwa take haɗa wa ƙawarta da ta haihu. Tela ya tsayar da keke ya zo ya tsaya a kanta, baki a sake. Ranar dai matar ta koma gida ba riga, shi kuma ya koma gida da kwatancen shagon da ake sayar da kayan.

Tun daga nan ɗan ɗakin ajiya na bayan kicin ya fita daga hannun matarsa. Manyan tukwane suka koma ƙarƙashin gado, durowoyi masu faɗi suka maye gurbinsu. In ya dawo daga shago ya ci abinci, sai ya wanke hannu wanki na biyu, wanda ya fi na kafin cin abincin kyau, ya shiga ya ja durowa, ya zaro takarda a cikin ledarta, ya ɗaga ta a haske, ya girgiza kai ya ce, "Kai, jama'a!" Sai ya mayar.

Kada a ce ba ya yin katin. Yana yi, kuma yana kyau. Duk wanda ya kwanta asibiti a layin, ko ya ci jarrabawa, ko ya tare a sabon gida, zai ga katin tela. Sai dai in ka juya bayan katin da kyau za ka gane kwalin da ake sakawa cikin sabuwar riga ne, ko murfin kwalin takalmi, an yi masa ado da gutsattsarin da mai shagon takardu ke sharowa ta ba shi. Takardun ƙwarai suna durowa, ko iska ba ta taɓa su.

"Baban yara," in ji matarsa daga bakin ƙofa, "ka leƙa su? Sun wuni lafiya? Ko in dama musu wani abu?"

"Ke ba za ki gane ba. Wannan in aka yanka ta, shi ke nan fa, an yanka."

"Leshin mutane kuma tsirowa yake yi in ka yanka?"

"Leshi ai na mutane ne."

Mai shagon takardun, wata 'yar gajeruwar mata mai ɗora tabarau a goshi, ta karance shi tsaf. Ba ta taɓa ce masa ya saya ba. Sai dai ta ce, "Maigida, kar ma ka duba wancan kwalin, jiya ya iso, ba irin naka ba ne." Ai kuwa sai ya duba. A hannunta ya bi yayi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bin motar haya da gudu, yana kama ƙofa tana ƙara gaba. An yi yayin takarda mai ƙyallin zinariya, wadda in rana ta doke ta sai ka kare ido. Ana cikin haka aka ce ƙyalli ya zama ƙauyanci, yanzu sai mai shara-shara, wadda ake hango abin da ke bayanta dishi-dishi. Hatiman katako da ya tara aka ce sun tsufa, an koma na roba garai-garai kamar ƙanƙara, waɗanda ake mannawa a jikin ɗan gilashi don ka ga inda za ka danna. Daga baya aka kawo masu hawa-hawa, fure ɗaya sai ka buga shi a kai a kai da tawada kala-kala, in hannunka ya goce kaɗan furen ya fito kamar ya sha duka. Har da wata hoda da ake barbaɗawa a kan ɗanyar tawada, a hura mata zafi da wata na'ura mai kukan jirgi, rubutun ya kumbura ya yi sheƙi. Ranar da ya fara gwada ta, matarsa ta ji ƙauri ta shigo da bokitin ruwa, da ƙyar ya tare ta da ƙirji.

Duk wannan da sauƙi, da bai je ya ɗauko gwangwanin Inna ba.

Inna mahaifiyarsa ce. Tana zaune a gidan yayarsa a ɗaya gefen gari, kuma har gobe Auta take ce masa, ko a gaban masu kawo ɗinki ne. Tana da wani tsohon gwangwanin biskit cike da hotuna, yawancinsu baƙi da fari, wasu sun yi ja, wasu gefensu ya naɗe. Iyaye ne da kakanni, da 'yan'uwan da suka watsu, da waɗanda suka rasu tun kafin a haifi tela. Ba a rubuta komai a bayan ko ɗaya ba, domin a ganin Inna, wa zai manta da ƙanin kakansa? Duk dangi ita kaɗai ta rage da ta san wane ne wane a ciki. Da yamma takan buɗe shi ta baje su a cinya, tana yi musu tsiya ɗaya bayan ɗaya.

Auta ya gani ya ce wannan wulaƙanci ne, mutanen kirki a cikin gwangwani. Zai tafi da su ya haɗa mata albam irin wanda ba a taɓa gani ba, kowane hoto da shafinsa da adonsa, sannan ya dawo su zauna, ta faɗi sunaye ya rubuta, jikoki su gada. Inna ta ƙara riƙe gwangwanin.

"Auta, ni fa na san ka."

Ya rantse mata wannan ba ɗinki ba ne. Ta sake masa.

Sai aka shiga shekaru. Ya tsara albam ɗin a kan mai ƙyalli, kafin ya kai ga almakashi ƙyalli ya wuce. Ya sake tsarawa a kan mai shara-shara, sabbin hatimai suka fito suka rushe tsarin. Kullum ya je gaishe ta, in an gama tambayar gida da yara, sai ta ce, "Ina mutanena?" Ya ba ta amsar da yake ba kowa. Ta ce, "Har ni? Ni da na haife ka?"

Wata rana Yaya ta kira shi a waya, tana dariya, amma muryar ba ta dariya ba ce. Wai Inna ta fito falo ta tarar da baƙo a tsaye a lungu, ta yi masa sannu da zuwa, ta tambaye shi iyali, ta ce a kawo masa ruwa. Can ta shiga kicin tana faɗa, wai yaran yanzu ba tarbiyya, tana ta gaishe shi, shi sai kaɗa kai yake yi. Fanka ce mai tsayuwa, an bar ta a kunne.

Suka kai ta wurin likitan ido. Likita ya haska, ya ɗiga magani, ya sake haskawa, sannan ya ja Auta da Yaya bakin ƙofa ya rage murya. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa a hankali, kuma ba irin wanda aiki ke gyarawa ba ne. Abin da take son gani, a nuna mata yanzu.

A mota Inna ce ta fara magana. "Kun zaci ban ji ba? Ido ne ya lalace, ba kunne ba."

Tela ya tsorata, wannan kam ba a musa masa ba. Washegari bai buɗe shago ba, ya ce yau za a fara. Ya duba ya ga gam ɗinsa ya bushe, ya fita sayo gam. Gam kawai. Mai shago ta hango shi ta sauko da tabarau kan hanci. "Maigida, kar ma ka duba..."

Ya dawo da gam, da kuma wani ƙunshi a hammata. Sabon yayi ne: takarda sabuwa fil da aka yi ta musamman don ta yi kama da tsohuwa, gefenta a yage, jikinta duk tabo kamar an zubar mata da shayi. Ya baje wa matarsa a kan tebur, idonsa har wani haske yake.

"Kin gani? Ita ce ta dace da tsofaffin hotuna! Dole a sake tsarin gaba ɗaya. Akwai hatiman da ke tafiya da ita, sai dai ba su iso ba tukuna, amma suna hanya."

Matar ta dubi takardar, ta dube shi. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Da ta dawo, ba ita kaɗai ta dawo ba. Ya ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a baranda, da muryar da ya sani tun yana goye.

"Ina ɗakin da aka tsare mini mutane?"

"Inna! Ai da kin bari na zo da kaina..."

"Na bari. Na gaji da bari. Ba ni kujera, kusa da taga."

Aka zaunar da ita. Ya sauko da gwangwanin daga saman durowa, ya juya baya ya hure ƙurar a ɓoye, ta ji. Ta ɗora shi a cinya ta buɗe, ta zura hannu tana juya hotunan. Shi kuwa sai ya fara nuna kaya. Ya ɗora hoto ɗaya a kan sabuwar takardar mai tabon shayi ya miƙa mata.

Ta kai ta kusa da hanci, ta karkata kai don na dama ya samu. "Wa ya ɓata maka wannan? Jikokina ne?"

"Haka ake yin ta, Inna. Ita ake yayi."

"Da dattinta ka saya?" Ta juya wajen surukarta. "'Yar nan, kin yi haƙuri a duniya." Ta sake dubawa. "Ni ban ga inda hoton ya ƙare takardar ta fara ba. Duk sun zama ruwan wanki ɗaya."

Ya kawo mai shara-shara, ta ce hayaƙi take gani. Ya kawo mai furanni, ta ce mutumin ya ɓace a cikin lambu. Ya kawo mai ƙyalli, ta kare fuska da tafin hannu ta ce, "So kake ka ƙarasa shi yau?" Durowa bayan durowa, tarin shekaru, ba wadda ta yi.

Saura ta ƙasa, wadda ba ya buɗewa sai in shi kaɗai ne. A ciki akwai wasu takardu masu kauri, shuɗi mai duhu har ya kusa baƙi, ba zane ba ƙyalli, laushinsu kamar karammiski. An daina yin irinsu, mai shago da kanta ta faɗa masa, kuma ko ledarsu bai taɓa ɓarewa ba. Ya yi kamar bai san da durowar ba. Matarsa ta sani. Ta sa ƙafa ta jawo ta.

Da aka ɗora hoton a kan shuɗin, ta saman leda ma, Inna ta gyara zama.

"Yauwa. Ga shi nan ya fito. Wannan ai Kawu Mai-Agogo ne, ƙanin kakanka. Dubi kunnuwa." Ta ƙwanƙwasa takardar da yatsa. "Wannan nake so. Yanka ta daidai hannuna, babba ba ta riƙuwa."

"Inna, in an bar ta a haka ma ai..."

"Auta."

Ya ɓare leda. Ya ɗauko tef ya auna, ya sake aunawa, ya auna ta ɗaya gefen ko an samu canji. Ya ɗauki almakashi, ya ajiye, ya goge hannu a riga, ya ce wannan ba shi da kaifi sosai, bari ya je shago ya ɗauko babban. Matarsa ta jingina da ƙofa ta harɗe hannu. Inna ta miƙo tafi.

"Ba ni nan in yanka. Ni da ba na gani, ba abin da zai dame ni."

Wannan ce ta tashe shi. Ya runtse ido, ya tuna ba a yanka da ido a rufe, ya buɗe, ya sa almakashi. Ƙaras. Matarsa ta rantse daga baya cewa ya yi wata 'yar ƙara, shi ya ce takardar ce. Ta biyu ta fi sauƙi. Kafin a jima hannun ya tuna sana'arsa, yana yanka yana turowa gefe, shafuka suna taruwa.

Ya jawo akwatin hatiman haruffa zai buga sunan Kawu, harafi bayan harafi, yana tona tarin yana neman na farko. Inna ta saurari ƙwaram-ƙwaram ɗin, ta tambayi me ake yi. Da aka gaya mata ta ce, "Kafin ka gama Kawu na daman ma ya tafi. 'Yar nan, nemo biro." Aka tono wani alƙalami mai farar tawada, shi ma sabo a kwalinsa. Aiki ya rabu, Inna na faɗa, tela na mannawa, matarsa na rubutawa da manyan haruffa, a ɗan karkace, shi yana kallo yana cije leɓe.

Suna kawai aka nema, amma Inna ba ta bayar da suna tsirara. Ga Goggo Doguwa, wadda ta yi fushi da mijinta ta tafi gidansu, ta tarar ya riga ta isa yana shan shayi da babanta. Ga wani ɗan'uwa da ake kira Injiniya don ya taɓa kwance rediyon gida ya kasa mayarwa. Ga kakar tela ta wajen uba, wadda Inna ta daɗe tana kallo, ta ce, "Allah Ya ji ƙanta. Rubuta sunanta kawai, sauran na bar wa Allah." Tela ya ɗauko hatimin fure zai buga a gefen Kawu Mai-Agogo, ta ce mutumin da bai taɓa yi wa kowa murmushi ba, me zai yi da fure?

Da rana ta kauce daga tagar, abin ya fara wuya. Aka kunna fitila, aka ƙara da tocilar waya. Ƙananan hotuna, waɗanda mutanen ciki suka tsaya nesa da mai ɗauka, suka ƙi fitowa ko a kan shuɗin. Ta juya ɗaya sama, ta juya shi ƙasa, ta miƙa masa.

"Bara da na gane wannan."

Ba faɗa a muryarta, kuma da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ya karɓa ya ƙura ido. Fuskar ba ta ce masa komai ba, bai san mutumin ba.

"Namiji ne, Inna, siriri. Rigar dai ba tasa ba ce."

"Kamar yaya?"

"Kafaɗar ta zubo masa, hannun ya rufe yatsu. Mai ƙiba aka ɗinka wa. Aljihun ma ɗaya ya fi ɗaya sauka, telan bai iya ba."

Inna ta fashe da dariya har da tari. "Ango-Aro! Mijin ƙanwata ne. Rigar babanka ce ya ara ranar aurensa, har ya koma ga Allah bai dawo da ita ba." Ta share ido da gefen zani. "Telan kuma da ka ce bai iya ba, ni ce."

Matarsa ta sunkuya tana dariya har alƙalami ya faɗi. Tela ya ce da aka sake dubawa, aljihun ba laifi.

Haka suka ci gaba. Shi ya karanta wuyan riga da maɓalli da faɗin ƙafar wando, ita ta fito da mutum daga ciki, da laƙabinsa da abin kunyarsa. Ba duka ba. Wasu ta ce a ajiye su gefe, ƙila a sake gwadawa.

A can ƙasan gwangwanin, tsatsa ta ɗan kama gefensa, akwai wani ɗan ƙarami. Babansa ne yana saurayi, wannan kam tela ya gane, tsaye a gaban wata mota, wani mutum ya dafa kafaɗarsa, su biyun suna dariya. Ya kwatanta mata duk abin da ido zai iya. Farar riga mai gajeren hannu, ɗinkin kanti, irin wadda kowa ke sawa. Ba hula. Agogo a hannun dama. Ta sa aka matso da fitila har ta ji zafinta a kumatu. Ta daɗe. Ta ce a sake faɗa mata, ya sake.

"Na san shi," in ji ta. "Na san na san shi. Da zan ga idonsa da na faɗa maka." Ta shafa hoton da babban yatsa, ta ajiye shi a kan shuɗin. "Ya wuce ni."

Tela ya sunkuyar da kai. "Inna, da na kawo miki tun..."

"Da ka kawo. Ba ka kawo ba. Manna shi."

Ya shafa gam ya manna, ya danne da tafin hannu. Matarsa ta tsinci alƙalami tana jira.

"Me zan rubuta, Inna?"

"Baban Auta ba ya barin bare ya dafa shi. Rubuta, namu ne." Ta laluba gefen tebur da hannu. "Kai kuma ka daina jan hanci a kan aikin mutane. Miƙo mini waɗanda muka ajiye, tun fitilar nan ba ta gasa mini kunci ba."